Hannu nawa ake sawa kafin a kafa tashar sola a garinku?

A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Tun kafin lokacin an lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin da ya biyo ta Enugu zuwa Makurdi, wanda aka jingina da shi, shi ma ya faɗi. Masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa suka zauna zaman jiran tsammani. A gidajen rediyo da majalisun unguwa tambaya ɗaya aka riƙa yi: da irin ranar da Allah Ya ba mu, me ya hana kowace jiha ta kafa tashar solarta ta huta?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce "Abuja ce ta hana lasisi." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. A watan Yulin 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu a yarjejeniyar gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta kai megawat 1,125, akasarinsu a Arewa. Sun bi ta hukumomi, sun tara takardu. Babu ko ɗaya da aka gina. Ke nan ko dai lasisi ba shi kaɗai ne izinin da ake nema ba, ko kuma izini ba shi ne matsalar ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma sai an bi takardun ɗaya bayan ɗaya ake gane inda aiki ke maƙalewa, da kuma inda mutanen gari ke da bakin magana amma ba su sani ba.

Girman aiki ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Hukumar da ke kula da harkar lantarki a matakin tarayya ita ce NERC, wadda dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta kafa. Ma'aunin da take fara dubawa shi ne girman tasha, kuma iyakar da ta fi muhimmanci ita ce megawat ɗaya, wato kilowat 1,000.

Wanda ya sa farantan sola a rufin gidansa ko shagonsa don amfanin kansa ba ya neman izinin NERC. Masana'antar da za ta samar wa kanta wutar da ta haura megawat ɗaya, ba don sayarwa ba, takardar izini take karɓa mai sauƙin sharuɗɗa. Wanda zai samar da fiye da megawat ɗaya ya sayar kuwa, cikakken lasisi yake bukata: zai nuna rajistar kamfani da masu hannun jari, takardun fili, shaidar binciken muhalli, tsarin kuɗi, da wanda zai sayi wutar. Dole ya buga sanarwa a jarida domin mai ƙorafi ya kawo ƙorafinsa cikin kwanakin da aka ƙayyade.

A tsakanin waɗannan akwai ƙananan tashoshin gari, masu farantansu da batiransu da turakunsu da mitocinsu, irin waɗanda ake gani yanzu a ƙauyukan Neja da Nasarawa da Sakkwato. NERC ta fitar musu da ƙa'ida ta musamman a 2016, ta sabunta ta a 2023. Bisa ƙa'idar 2023, tashar da ba ta haɗe da layin kamfanin rarraba wuta, kuma ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista kawai ta ishe ta. Daga nan zuwa megawat ɗaya sai da takardar izini.

Wani ruɗani da ya kamata a kawar tun nan: Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ba ta ba da lasisi. Sunanta ne ake gani a allunan bakin hanya, shi ya sa mutane ke ɗauka ita ce mai izini. Aikinta tallafi ne da tsara shirye-shirye, kamar shirin DARES da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a Disambar 2023. Kamfani na iya samun alƙawarin tallafi daga REA alhali bai da takardar NERC, kuma yana iya samun takardar NERC ba tare da ya taɓa shiga ofishin REA ba.

Akwai kuma hukumar NEMSA, wadda injiniyoyinta ke zuwa su duba wayoyi da tiransifoma da mita kafin a kunna wuta. Idan aikin na ruwa ne, kamar wanda gwamnatin Kano ta yi a madatsar Tiga, sai an shigo da izinin amfani da ruwa da kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, domin ruwan da zai juya injin shi ne dai wanda manoman Kadawa da Kura ke jira.

Fili: inda gwamna ya fi Abuja ƙarfi

Tashar sola tana cin fili. A ƙiyasin masu aikin, kowane megawat ɗaya yana bukatar abin da ya kai hekta biyu ko kusa da haka. Tashar megawat 10 da Shugaba Buhari ya buɗe a Kumbotso a Janairun 2023 tana zaune ne a kan hekta 24. A lissafa tashar megawat 100, za a ga ana maganar gonakin gari guda ne. Kuma ba kowane fili ake so ba. Ana son shimfiɗaɗɗe, marar ambaliya, kusa da hanya, kusa da babban layin wuta. Irin wannan fili a ƙasar Hausa da wuya a same shi babu mai noma shi.

NERC ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa da za ta bai wa kowa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar mallaka, sai da amincewarsa ake sayar da filin da ke da takarda ko a jinginar da shi a banki, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mutum a kan fili idan maslahar jama'a ta bukaci haka. A ƙauye ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin gargajiya, amma babu bankin da zai zuba biliyoyin naira a kan takardar ƙaramar hukuma. Saboda haka babban aiki dole ya bi ta gidan gwamnati.

A nan ne manomi ke shan mamaki. Sashe na 29 na dokar bai ce a biya kuɗin ƙasar kanta ba. Abin da ake biyan diyyarsa shi ne abin da mutum ya ɗora a kanta: gini, rijiya, shuka, itatuwa. Gonar da aka gada tun kaka da kakanni, idan masu ƙiyasi suka zo a watan Maris suka tarar da ita fayau babu ko kara, abin da zai shiga takarda shi ne ɗorawa biyu da kuka ɗaya da tsamiya. Ba sai an yi wa kowa zamba ba, dokar ce haka. Shi ya sa watan da aka zo ƙidaya yake da muhimmanci kusan kamar farashin da aka sa.

Akwai waɗanda ma ba sa shiga lissafin. Mai noma gonar aro, da wanda ya karɓi jingina, da matar da ke tsintar kaɗanya, da Bafulatanin da burtalinsa ya ratsa wurin, babu ɗayansu da ke da suna a kan filin, amma dukkansu da shi suke ci. Tashar sola kuwa shinge ake zagaye ta da shi na shekara ashirin ko fiye. Idan aka datse burtali, shanu ba za su ɓace ba, gonar wani za su bi, rigimar kuma ta koma kan dagaci shekaru bayan masu awon fili sun tafi.

Abubuwa biyu ke taimakon mutanen gari. Na farko, rashin takarda ba ya nufin rashin haƙƙi. Dokar ta 1978 ta amince cewa wanda yake noma ƙasarsa a karkara tun kafin ta fara aiki yana nan a kan haƙƙinsa kamar an ba shi takarda. Dole a ba shi sanarwar sokewa, kuma kotunan Najeriya sun sha rushe ƙwacen filin da ba a isar wa mai shi da sanarwa ba. Na biyu, idan kuɗin aikin daga Bankin Duniya ne ko Bankin Raya Afirka ko makamantansu, sharuɗɗansu sun fi dokarmu tsauri. Suna neman a biya abin da zai isa mutum ya sami madadin abin da ya rasa, a kula da wanda ba shi da takarda, a kuma kafa hanyar kai koke. Kamfani ya san bashinsa ba zai fito ba sai ya cika waɗannan, don haka tambayar "kuɗin wa za a yi aikin da shi?" tambaya ce mai amfani a zaman farko.

Wani sashe na dokar ya ce idan filin na al'umma ne, gwamna na iya umartar a biya diyya ga al'ummar, ko ga shugabanta ya sarrafa don amfaninta, ko a zuba a wani asusu. Duk wanda ya san yadda kuɗin jama'a ke narkewa tsakanin sakatariya da ƙofar fada zai gane dalilin da ya sa ya fi kyau a rubuta sunan kowane mai gona da girman gonarsa, a karanta a bainar jama'a, kafin kuɗi su iso.

Kwana 21 da ba kowa ke jin labarinsu ba

Tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da wannan. Kamfani zai yi rajistar aikin, ma'aikata ta tantance nauyinsa, a ɗauki ƙwararru su auna ƙasa da ruwa da iska, su zauna da jama'a, su rubuta rahoto. Babban aiki kan bukaci bayanan damina da na rani, wanda shi kaɗai ya isa ya cinye shekara. Ƙananan tashoshin sola an sassauta musu, tsarin kula da muhalli mai gajarta suke gabatarwa.

Idan rahoto ya kammala, ana baje shi na kwana 21 na aiki domin jama'a su karanta su yi tsokaci. Ana ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a yi sanarwa a jarida da rediyo. Bayan haka, ga manyan ayyuka, kwamitin masana ya zauna a bainar jama'a.

A takarda wannan tsari ba shi da laifi. A aikace, rahoton littafi ne mai ɗaruruwan shafuka da Turancin injiniyoyi, a ajiye a kan teburin wani ofishi, sanarwarsa kuma a shafin ciki na jaridar da ba ta zuwa garin. Kwanakin su wuce, a rubuta cewa babu wanda ya yi ƙorafi. Ranar da mutane za su farka ita ce ranar da katafila ta iso, lokacin kuwa an riga an sa hannu. A ganina wannan ne babban giɓin da ke cikin tsarin gaba ɗaya, ya fi jinkirin da ake kuka da shi illa. Babu abin da zai hana a wajabta taƙaita rahoton da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri a shafi biyar, a karanta shi a rediyon jiha da ƙofar masallacin Juma'a. Kuɗin yin haka bai kai na tayar motar kamfani ba.

Wasu na cewa ai sola ba ta hayaƙi, me za a bincika? Akwai abin bincike. Ƙurar hunturu na rufe faranti, dole a riƙa wankewa, to daga ina za a ɗebi ruwan, kuma rijiyoyin gari za su ji a jikinsu? Idan aka share hekta ɗari aka daddaɓe, ina ruwan sama zai bi? Batiran da suka mutu fa, musamman masu dalma, wa zai kwashe su? Waɗannan tambayoyi ne da tsohon da ya shekara sittin a wurin ya fi ƙwararren da ya zo na mako biyu sanin amsar wasunsu.

Kamfanin rarraba wuta: maƙwabcin da ba a tsallakewa

Da aka sayar da kamfanonin lantarki a Nuwambar 2013, an raba ƙasar tsakanin kamfanonin rarraba wuta 11. KEDCO ta ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Kaduna Electric ta ɗauki Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Na Jos ya haɗa da Bauchi da Gombe, na Yola ya kai har Borno da Yobe. Wannan rabo ya shafi har ƙauyen da bai taɓa ganin turken wuta ba, domin a taswira yana cikin yankin wani kamfani.

Saboda haka mai son kafa ƙaramar tasha a irin wannan ƙauye sai ya tabbatar cewa kamfanin ba shi da shirin kai layi wurin nan kusa, ko ya sami amincewarsa a rubuce. A da wasiƙar kan kwana a ofis wata da watanni. Ƙa'idar 2023 ta sa wa'adi: idan kamfanin ya yi shiru har kwanakin suka cika, ana ɗauka ya yarda. Ta kuma ba da damar a haɗa garuruwa da yawa a takardar nema guda, maimakon kowane ƙauye da fayil ɗinsa. Idan daga baya babban layi ya iso garin, sai an ba mai tashar sanarwa tun da wuri, kuma yana da zaɓin ci gaba da aiki a haɗe da layin ko ya miƙa kayansa a biya shi diyya. Wannan kariya ita ce dalilin da ya sa mai ƙaramar tasha mai hankali yake neman cikakken izini ko da rajista ta ishe shi.

Inda kuma akwai turaku da wayoyi amma wutar sai an ga dama, ana yin yarjejeniya mai ƙafa uku: kamfanin rarraba wuta, mai tasha, da al'umma. Mai tasha ya karɓi hayar wayoyin unguwa, ya ba da sola da rana, ya sayi wutar babban layi idan ta samu. Irin wannan aka yi a Toto ta jihar Nasarawa da Zawaciki a Kano. NERC ce ke amincewa da yarjejeniyar, amma ba ta aiki sai wakilan al'umma sun sa hannu.

Wannan sa hannu shi ne ƙarfi mafi girma da doka ta bai wa mutanen gari a duk harkar, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A cikin takardar ne ake rubuta farashin yunit, awa nawa za a ba da wuta, wa zai gyara idan tiransifoma ta ƙone, yaushe za a iya ƙara kuɗi. Sau da yawa mutum uku ne ke sa hannu a madadin gari, an kawo musu takarda an ce alheri ne ya zo. Bayan wata shida mai injin niƙa ya ga kuɗin da mita ke ci ya ce an cuce su.

Gaskiyar magana, wutar ƙaramar tasha ta fi ta babban layi tsada a kowane yunit, domin babu tallafin gwamnati a farashinta kamar yadda ake yi wa yawancin masu wutar nepa, kuma batir na da tsada. Masu tashoshin na cewa a gwada su da kuɗin fetur ɗin janareta, ba da wutar da ba ta zuwa ba, kuma suna da hujja. Mutanen gari na cewa ɗan ƙauye mai ƙaramin ƙarfi bai kamata ya fi ɗan birni biyan kuɗin wuta ba, su ma suna da hujja. Wurin da ya dace a yi wannan muhawara shi ne kafin a sa hannu, da lissafin a gaban kowa. Haka nan takardar da kamfani ke kawowa tun farko, wadda ke hana gari tattaunawa da wani kamfanin har tsawon shekara guda yayin da yake nazari, ba takardar gaisuwa ba ce. Akwai masu tara irin waɗannan takardu ba su da kuɗin gini, suna jiran wanda za su sayar wa.

Kamfanoni 14 da takardunsu suka cika

Mu koma kan manyan ayyukan 2016. Cikinsu akwai na megawat 75 a Kankiya ta jihar Katsina, da na megawat 100 a Ganjuwa ta jihar Bauchi, da wasu a Jigawa da Kaduna da Sakkwato da Filato da Nasarawa. Wanda ya yi alƙawarin sayen wutar shi ne NBET, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa don ya saya daga masu samarwa ya sayar wa masu rarrabawa. Farashin da aka amince shi ne senti 11.5 na dalar Amurka a kan kowane yunit, na tsawon shekara 20.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. NBET ba ya samun cikakken kuɗinsa daga kamfanonin rarraba wuta, su kuma ba sa samun nasu daga masu amfani da wuta da ma'aikatun gwamnati. Bankin da zai ba da bashin dala miliyan ɗari ya san wannan sarai. Don haka ya ce sai gwamnatin tarayya ta tsaya: ta sa hannu cewa idan yarjejeniya ta rushe za ta sayi tashar ta biya masu bashi. Abin ya yi kama da neman aure inda iyaye sun yarda, an sa rana, amma an rasa wanda zai tsaya a matsayin waliyyi. Wannan takardar lamuni ba NERC ke ba da ita ba, Ma'aikatar Kuɗi ce.

Ma'aikatar Kuɗi kuwa ta ja baya, kuma ba don mugunta kawai ba. Ta riga ta ba da irin wannan lamuni ga tashar gas ta Azura da ke jihar Edo, inda ya zama dole a riƙa biyan kusan dala miliyan 30 duk wata ko an iya ɗaukar wutar ko ba a iya ba. Naira ta faɗi a 2016, bashin dala ya ƙara nauyi. Sannan farashin sola a duniya yana ta sauka: a shekarar nan ta 2016 Zambiya ta yi gwanjon da ya fito da farashin senti shida da ɗoriya. Gwamnati ta ce a sauko zuwa senti 7.5. Kamfanonin suka ce lissafinsu bai fita a haka, domin haɗarin Najeriya da kuɗin ruwanta ba irin na Zambiya ba ne, kuma Zambiya ta share wa masu gwanjon fili da lamuni tun kafin su zo. Aka tsaya a nan, shekaru suka wuce.

Kowane ɓangare na da abin faɗa. Da gwamnati ta sa hannu a lamunin a kan senti 11.5, da yau ana biyan wuta mai tsada da dalar da ta ninka sau da yawa. Da yake ba a sa ba, Arewa ta shiga duhun Oktoban 2024 ba ta da babbar tashar sola ko ɗaya daga cikin 14 ɗin. Laifin da ba shi da kariya shi ne tsarin da ya bar kamfanoni suka kashe kuɗi, gwamnoni suka keɓe filaye, aka ɗaga wa talakawa rai, kafin a tambayi wanda ke riƙe da lalitar ƙasa ko ya yarda. Takardar da ta fi kowace wuya ita aka bari ƙarshe.

Ba kuma kowane jinkiri ne na takarda ba. Tashar iska mai megawat 10 ta Lambar Rimi a Katsina aikin gwamnati ce da kanta, babu wanda ya hana ta izini. Sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disambar 2012, da matsalar kuɗi da lalacewar kaya, su suka sa ta shafe fiye da shekara goma tana jan ƙafa.

Da jihohi suka karɓi ragama

Kafin 2023 tsarin mulki ya taƙaita ikon jihohi a harkar lantarki ga wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya cire wannan shinge, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Yanzu jiha na iya yin dokarta, ta kafa hukumarta, ta sanar da NERC, a miƙa mata kula da kasuwar wuta ta cikin jihar cikin wata shida. Kamfanin rarraba wuta kuma ya buɗe reshe na musamman da zai karɓi lasisi daga jihar. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, daga baya Legas da Kogi da Neja da Filato da wasu suka biyo. Jihar da ba ta yi nata tsarin ba tana nan ƙarƙashin NERC.

Amfanin a fili yake. Mai son kafa tashar megawat biyar don kasuwa ko rukunin masana'antu ba sai ya yi ta zarya Abuja ba, kuma fili da lasisi da izinin gini duk suna gari ɗaya. Gwamnan da ke da niyya zai iya haɗa su a ofis guda. Mai ƙorafi ma ya fi sanin inda zai je.

Amma abubuwa uku ba su canja ba. Binciken muhalli na manyan ayyuka yana nan a hannun tarayya. Duk tashar da za ta zuba wuta a babban layin ƙasa ko ta sayar a wata jiha tana nan ƙarƙashin NERC. Sannan tambayar da ta kashe ayyukan 2016 tana nan daram: wa zai saya, kuma wa zai tsaya masa? Jihar da ma'aikatunta ba sa biyan kuɗin wuta ba za ta burge banki da sabon lasisi mai tambarin jiha ba.

Akwai kuma wani sabon haɗari da ba a cika magana a kansa ba. A ƙarƙashin sabon tsari, gwamna shi ke ba da fili, shi ke naɗa shugabannin hukumar da ke ba da lasisi da yanke farashi, kuma sau da yawa gwamnatinsa na da hannun jari a tashar. Manomin da aka karɓi gonarsa, ko kamfanin da ke gogayya da na gwamnati, zai kai kuka ne wurin mutanen da wanda yake ƙara ya naɗa. Nisan Abuja yana da illa, amma yana da ɗan amfanin cewa mai sa hannu ba ya tsoron gwamna. Abin da zai nuna ko hukumar jiha ta gaske ce shi ne yadda dokar ta tsara naɗi da tsige kwamishinoninta, daga ina take samun kuɗin gudanarwa, kuma ko tana buga hukuncinta da dalilansa kowa ya gani.

An fara ganin inda rigimar za ta ɓullo. A watan Yulin 2025 hukumar lantarki ta jihar Enugu ta rage farashin masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun awannin wuta a rana, daga naira 209 zuwa naira 160 a kan yunit. Jama'a suka yi murna, kamfanonin samar da wuta suka yi ca, NERC kuma ta ce jiha ba ta da ikon rage kuɗin wutar da aka samar aka kuma ɗauko ta babban layin ƙasa, sai dai idan za ta cike giɓin daga aljihunta. Jihohin Arewa, waɗanda kusan duk wutar da suke sha ta babban layin take zuwa, za su tarar da wannan iyaka a ranar da hukumominsu suka fara yanke farashi.